Tulu Mai Yoyo: Ciwon Kumburin Hanji Da Abincin Mai Fama Da Shi

 Maganarmu ta wannan wata a cikin aji ta faro, amma a asibiti ta ƙare.

Duk malamin da ya daɗe da alli a hannu ya san yaron nan da kan ɗaga yatsa ana tsakiyar darasi ya ce, "Malam, zan kewaya." Da yawansu tambaya suke gudu, kuma mun san su. To, wasu shekaru da suka wuce an yi wani yaro a ajinmu, ɗan shekara 14, ɗan zango kamarmu, wanda kafin a buga ƙararrawar hutun safe yakan nemi izini sau uku, wani lokaci sau huɗu. Muka ɗauka lissafi ne ba ya so. Muka yi masa faɗa a gaban 'yan'uwansa, har wata rana muka hana shi fita, su kuma yara suka laƙaba masa sunan da ba za mu maimaita shi a nan ba. Allah Ya yafe mana. Ba mu farga ba sai ran da muka hango shi a filin wasa yana riƙe da ƙugun wandonsa da hannu ɗaya. Wandon da ya cika bara, bana da igiya yake ɗaure shi. Ga idanunsa sun yi fari fat, ga tsaransa duk sun yi masa rata a tsawo.

Da la'asar muka bi shi gida. Mahaifiyarsa, wadda ke sayar da waina a bakin hanya, ta shimfiɗa mana tabarma. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam, atuni ne ya ƙi jin magani." Muka ce, "Mma, tun yaushe?" Ta ce tun kafin azumin bara. Sau huɗu tana saya masa ƙwayar Flagyl a kantin magani. An jiƙa masa saiwoyin basir ya sha, an yi masa bentuwa irin ta maƙwabtanmu Asante, da citta da barkono. Abin sai ya yi kamar ya lafa, bayan mako biyu ya dawo da jini da majina.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne kwanon abincinsa. Ran da ya ci kifi cikinsa ya murɗa, sai aka hana shi kifi. Ya ci ƙwai ya kwana yana zawo, aka hana ƙwai. Haka nama ya bi, da nono, da wake, da miyar gyaɗa, da duk abin da ke da maiƙo. Wata biyar ke nan ba abin da ke shiga bakinsa sai koko da farar shinkafa marar miya. Ba mugunta ba ce, ba kuma rowa ba. Uwa ce take cire duk abin da take zargi, ɗaya bayan ɗaya, har ba abin da ya rage.

An sha kai da kawowa kafin a tura shi babban asibitin koyarwa. Can aka auna jininsa da bayan gidansa, aka ɗauki hoton ƙirjinsa, sa'an nan aka zura masa wata siririyar roba mai ido ta dubura aka leƙa hanjin, aka gutsuro ɗan nama aka kai ɗakin gwaji. Sakamako ya nuna cutar Crohn ce. Likitan ya gaya wa mahaifiyar, mu kuma muna yi mata tafinta, cewa abu biyu ne suka taru suka kayar da yaron, watau cutar kanta da kuma yunwa.

Wace Irin Cuta Ce?

Likitoci sun haɗa cututtuka biyu a ƙarƙashin suna guda, watau ciwon kumburin hanji mai daɗewa. Ta farko ita ce gyambon babban hanji, wadda a asibiti za ku ji ana ce mata kolaitis. Wani likitan birnin Landan, Samuel Wilks, shi ya bayyana ta a cikin shekarar 1859. Takan fara daga dubura ta haura sama, tana cin fatar cikin babban hanji kawai, alamarta kuwa zawo mai jini da yawan jin matsuwa. Ta biyu ita ce cutar Crohn, wadda ta samo sunanta daga Burrill Crohn, ɗaya daga cikin likitoci uku na asibitin Mount Sinai a birnin New York na Amurka da suka rubuta bayaninta a 1932. Ita wannan ba ta da iyaka. Tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, ta tsallake nan ta kama can, ko da yake ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji. Kuma ba a fata take tsayawa ba, takan ci bangon hanjin har ya ƙuntata ko ya huje. Shi ya sa wasu masu ita kan yi fama da maruru da yoyon ruwa a gefen dubura, a yi ta ɗura musu maganin basir shekara da shekaru.

Ba a ɗaukarta daga wani. Kuna iya sa hannu a kwano ɗaya da mai ita. Garkuwar jikin mutum ce, wadda aikinta yaƙi da cuta, take rikicewa ta juya kan hanjinsa. Akwai hannun gado a ciki, akwai na yanayin rayuwa, kuma an tabbatar cewa shan taba na ƙara wa cutar Crohn muni. Ta fi fara bayyana ga samari da 'yan mata da matasan magidanta, takan lafa watanni ko shekaru sa'an nan ta sake tasowa. Babu ƙwayar da ke tsige ta daga tushe, amma akwai magungunan da ke kwantar da ita, mutum ya yi karatunsa, ya yi sana'arsa, ya yi aure ya haihu.

A da ana cewa ciwon Turawa ne. Wani babban ƙiyasi na duniya ya nuna mutum miliyan 6.8 ne ke ɗauke da shi a 2017, kuma in an auna da yawan jama'a, a Amurka ta Arewa da Turai ya fi ƙamari. Amma yana ƙaruwa a ƙasashen da birane ke girma, cima ke canzawa. A nan Gana, tun a 2008 aka wallafa rahoton masu cutar da aka gani a asibitin Korle Bu da ke Ankara. Ba su da yawa. Sai dai wanda ya san zango ya san cewa ƙidayar asibiti ba ta kai wa ga masu jinya a ƙuryar ɗaki, musamman ciwo irin wannan da ake jin kunyar ambatarsa. Wace uwa ce za ta ce 'yarta budurwa na kewayawa sau goma a rana alhali masu neman aure na sallama?

Wani abin da ke ɓoye cutar a wajenmu shi ne tana da masu kama da ita da yawa. Akwai atunin amiba, akwai tsargiyar hanji da masu shiga ruwa kan ɗauka, akwai kuma tarin fuka na hanji, wanda ya yi kama da Crohn ƙwarai har manyan likitoci kan sha wuya kafin su raba su. Raba su kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Magungunan kumburin hanji, irin su firednisolon, aikinsu danne garkuwar jiki. In aka ba mai amiba ko mai tibi, an buɗe wa cuta ƙofa ke nan, har abin ya kai ga fashewar hanji. Saboda haka kada wani ya karanta wannan bayani ya yanke wa kansa hukunci. Abin da muke cewa shi ne, zawon da ya wuce mako huɗu, ko mai jinin da ya dawo bayan an sha magani, ga rama, ga zazzaɓi, ga tashi kewaye cikin dare, wannan ya wuce kantin magani. A nemi takardar tura mara lafiya zuwa inda ake leƙa hanji, irin su Korle Bu ko Komfo Anokye a Kumasi.

Ana Zubawa Yana Tsiyaya

Mu koma kan yunwa, don ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Ƙaramin hanjin babban mutum ya kai wajen mita 6, babban kuwa mita ɗaya da rabi. A ƙaramin ne jiki ke tsotse amfanin abinci, kowane sashe da abin da yake karɓa, kamar layukan kasuwa. Farkonsa ke karɓar sinadarin ƙarfe mai gina jini. Ƙarshensa, inda muka ce Crohn ta fi kamawa, nan ne ake karɓar bitamin B12. In wurin ya kumbura ko likita ya yanke shi, mutum ko ya ci naman sa guda bitamin ɗin sai ya wuce, sai dai a yi masa allura.

Mai wannan ciwo tulu ne mai yoyo. Tun farko abin da ake zuba masa kaɗan ne, domin tsoron murɗawar ciki ya sa ya ƙi ci, mutanen gida kuma sun ƙara masa da hani. Abin da ya ci, kumburarren hanji ba ya tsotsewa duka. Wanda ya tsotse kuma, wani na fita ta gyambon, domin jini da ruwan jiki mai gina tsoka na tsiyaya a bayan gida. Ga shi jikin da ke zazzaɓi da gyaran rauni ya fi na mai lafiya bukata. Shi ya sa ƙarancin jini shi ne matsalar da aka fi gani ga masu wannan cuta in an bar hanjin kansa. Zawo na tafiya da sinadarin zink, wanda rashinsa ke hana rauni warkewa ya kuma kashe ɗanɗanon baki. Firednisolon in an daɗe ana sha yana cin ƙashi, saboda haka akan haɗa shi da kalsiyam da bitamin D. Wani maganin kuma, salfasalazin, yana rage shigar sinadarin folik. Ga yara abin ya fi tsanani. Yaro kan daina tsawo, balagarsa ta yi jinkiri, wani lokaci ma tun kafin zawon ya bayyana.

A cikin jerin abubuwan da likitan nan ya lissafa har da wani wanda mu, a kwalejin horon malamai, ba mu san shi ba sai a jadawalin sinadarai da ke manne a bangon ɗakin kimiyya. Sunansa siliniyam. Tun daga ranar muka shiga bin diddiginsa, kuma labarinsa ya cancanci a ɗan zauna a kai.

Nauyin Ƙwayar Shinkafa A Shekara

Wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Suwidin, Berzelius, shi ya gano siliniyam a 1817, ya raɗa masa suna daga kalmar da Girkawa ke kiran wata na sama da ita. Shekaru da dama masu kiwo ba su san shi da kome ba sai guba, domin a wasu filayen Amurka dawaki da shanun da suka yi kiwo a ƙasa mai yawansa, gashinsu kan zube, kofatonsu ya lalace. Sai a 1957 Klaus Schwarz da abokin aikinsa suka nuna cewa ɓerayen gwajin da aka hana su shi, hantarsu kan lalace. A 1973 kuma aka gano ainihin aikinsa a jiki.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Duk sa'ad da jiki ke ƙona abinci, ko garkuwarsa ke yaƙi, akwai wasu abubuwa masu ci da ke fitowa, waɗanda ke yi wa ƙwayoyin jiki irin abin da tsatsa ke yi wa kwanon rufi. Jiki na da ma'aikatan da ke share su, kuma wasu daga cikin manyansu ba sa aiki sai da siliniyam a cikinsu. Iri 25 ne na furotin a jikin ɗan Adam ke ɗauke da shi. Wasu na kare tsokar zuciya da bangon hanji, wasu na taimaka wa ƙullin wuyan nan da in ya kumbura muke cewa maƙoƙo, wasu kuma na da hannu a lafiyar maniyyi.

To, nawa ake bukata? Bari mu ɗan yi lissafi, tunda sana'armu ce. A raba giram ɗaya kashi miliyan, kashi ɗaya shi ne maikirogiram. Hukumomin lafiya na Amurka sun ce babban mutum na bukatar maikirogiram 55 a rana, mai ciki 60, mai shayarwa 70. In ka tara 55 sau 365, abin da za ka samu wajen miligiram 20 ne, kimanin nauyin ɗanyar ƙwayar shinkafa guda. Wanda Allah Ya ba shekara 70, duk abin da zai bukata a rayuwarsa bai kai rabin dunƙulen Maggi ba.

Amma ɗan wannan abin in ya ɓace, mutane na mutuwa. A 1935, a gundumar Keshan da ke arewa maso gabashin ƙasar Sin, aka ga wani ciwon zuciya yana kashe yara da matan da ke shekarun haihuwa. Zuciya kan kumbura ta kasa aiki. Daga baya aka gane ƙasar noman yankin ce ba ta da siliniyam, mutanen kuwa abin da suka noma kaɗai suke ci. A shekarun 1970 aka riƙa ba yara 'yar ƙwayarsa, cutar ta ragu ƙwarai. Ƙasar Finland ita ma da ta ga ƙasarta haka take, sai ta yanke shawara a 1984 a riƙa zuba shi cikin takin zamani, don ya shiga hatsi da ciyawa, ya kai ga nono da nama.

Darasin da ke nan ya shafi duk mai cin tuwo. Hatsi ba ya ƙirƙirar siliniyam, abin da ya tarar a ƙasa shi yake ɗauka. Masu bincike a Malawi sun nuna masarar da aka noma a wata irin ƙasa ta ninka ta wata sau da yawa, alhali a ido duk masara ce. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2014 ya ce wajen kashi 28 cikin 100 na mutanen Afirka na cikin haɗarin rashin samun isasshensa daga abinci. Rogo da doya da agada kuwa, waɗanda suka cika kwanonmu a kudancin ƙasar nan, abin da ke cikinsu kaɗan ne ƙwarai. Abin da ya cece mu a Gana shi ne kifi. Mu mutane ne masu cin kifi, na teku da na tafkin Volta, kuma kifi na cikin abincin da ya fi kowane siliniyam. Yanzu ku tuna abin da aka fara hana yaron nan.

Bincike a ƙasashe da dama ya sha nuna cewa masu kumburin hanji, musamman masu Crohn, siliniyam ɗin jininsu ya gaza na masu lafiya. Ya fi raguwa ga waɗanda aka yanke wa wani sashe na ƙaramin hanji, da waɗanda aka daɗe ana ciyar da su ta jijiya ko da abincin ruwan da ba a saka shi a ciki ba. In rashin ya yi tsanani akan ga ciwo da kasala a tsokar cinya, farce ya yi fari, gashi ya yi laushi ya koɗe, a ƙarshe ya taɓa zuciya kamar na mutanen Keshan. A ɗakin gwaji kuma, ɓerayen da aka hana siliniyam kumburin hanjinsu ya fi na sauran muni, ya kuma fi jinkirin warkewa.

Sai dai a nan ne ya kamata mai karatu ya yi hattara. Ɓera ba mutum ba ne. Kuma kumburi shi kansa yana saukar da siliniyam ɗin da ake gani a jini na ɗan lokaci, ko da jiki na da shi a ajiye. Don haka ƙwararren likita ba ya karanta wannan gwaji shi kaɗai, sai ya haɗa shi da gwajin zafin kumburi da ake kira CRP, kuma ba kowane asibiti ke yin sa ba. Ƙungiyar masana abincin marasa lafiya ta Turai, a ƙa'idojin da ta fitar a 2017 ta kuma sabunta a 2023, cewa ta yi a riƙa auna masu wannan cuta lokaci-lokaci, abin da aka ga ya gaza a cike shi. Cike giɓi ke nan. Siliniyam ba maganin Crohn ba ne, ba kuma na kolaitis ba, kuma ba ya maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta.

Mai Talla A Mota

Mun nanata wannan ne saboda mun san halin kasuwarmu. Duk wanda ya taɓa hawa motar Kumasi zuwa Ankara ya san mutumin nan da kan miƙe da jaka mota na barin tasha, ya fara da addu'a ya ƙare da kwalba. Yanzu ma ba sai an hau mota ba, kwalaben na bin mata har gidan suna, suna kuma yawo a WhatsApp, da hoton Bature mai farar riga a jiki. Da yawansu an rubuta siliniyam a cikin kayan haɗinsu, ana cewa yana wanke ciki, yana hana sankara, yana ƙara ƙarfin namiji.

Tsakanin abin da jiki ke bukata da abin da ke cutar da shi, tazarar ba ta da faɗi. Amurka ta sa iyakar babban mutum a maikirogiram 400 a rana, a haɗa na abinci da na kwalba. Hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta sa tata a 255 a shekarar 2023. A farkon shekarun 1960, a yankin Enshi na ƙasar Sin, inda ƙasa ke da shi fiye da kima, mutanen ƙauyuka sun yi ta zubar da gashi da farce. A 2008 mutum 201 suka sha guba a Amurka daga wani ruwan ƙarin lafiya wanda siliniyam ɗin cikinsa ya ninka abin da aka rubuta a kwalbar wajen sau 200. In haka ta faru a can, ina ga kwalbar da ba a san inda aka ɗura ta ba? Batun sankara kuwa, an gwada shi ga maza fiye da 35,000, aka tsai da ba su ƙwayar a 2008 saboda ba ta hana sankarar mafitsarar maza da ake fata ba. Wani binciken ma, wanda aka wallafa a 2007, ya ga ciwon sukari ya fi yawa ga waɗanda suka yi shekaru suna shan maikirogiram 200 kullum.

Abin takaicin shi ne alamomin yawansa sun yi kama da na ciwon da ake son magancewa: zawo, tashin zuciya, kasala, zubewar gashi, farfashewar farce. Sai mai shan kwalba ya ga gashinsa na zuba ya ce maganin ne bai isa ba, ya ƙara cokali. Alamar da ta bambanta ita ce baki ya riƙa warin tafarnuwa alhali ba a ci ta ba. Lambar rajistar hukumar abinci da magunguna a jikin kwalba abu ne mai kyau, amma ba ita ke nuna cewa jikinka na bukatar abin ba. Tunda muna kan kantin magani, bari mu ƙara da cewa ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibufurofen da daikulofenak, waɗanda 'yan dako da direbobinmu ke sha kamar gyaɗa, suna iya tayar da wannan ciwo. Farasitamol ya fi sauƙi ga hanji.

Abin Da Za A Sa A Kwano

Babu wani abinci guda da aka ce shi ne na masu wannan cuta, kuma babu jerin hani da ya hau kowa. Abin da ya tayar wa wani ciki, wani lafiya lau yake ci. Lokacin da ciwon ya taso, ko ruwa mutum ya sha sai ya kewaya, saboda haka ɗora wa kifin jiya laifi zalunci ne ga kifin. Dabarar da aka koya wa mahaifiyar yaron nan ita ce a sami littafin rubutu irin na 'yan makaranta, a riƙa rubuta abin da aka ci da abin da ya biyo baya. In an zargi wani abu, a ajiye shi kaɗai na ɗan lokaci, sa'an nan a sake gwadawa kaɗan in ciki ya lafa. Yaron da kansa ya riƙe littafin, kuma ba mu taɓa ganin ya kula da wani littafi haka ba.

Ga wasu ƙididdiga daga jadawalin abinci na Amurka, ko da yake namu na iya ɗan bambanta. Dafaffen ƙwan kaza babba na da maikirogiram 15 na siliniyam. Giram 85 na kifin sadin, kusan abin da ke cikin gwangwani ɗaya in an tsiyaye mai, na da 45. Ka ga ƙwai ɗaya da gwangwani ɗaya sun cika bukatar yini. Hantar sa mai wannan nauyi na da 28, ga ƙarfe ga B12, sai dai mai ciki kada ta yawaita ta. Amane ɗinmu da ƙyafaffen kifin Yeji, da ƙwan zabi in damina ta kawo shi daga arewa, duk hanya ɗaya suka bi. In an bi ta nan ba a fargabar wuce iyaka, domin da wuya mutum ya ci abincin gida har siliniyam ya yi masa yawa.

Haka kuma abincin nan shi ne mai gina tsoka, wanda mai ciwon ke bukata fiye da mai lafiya. Masanan Turai da muka ambata sun ce in cutar ta taso a ba shi giram 1.2 zuwa 1.5 na furotin ga kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 50 ke nan yana neman giram 60 zuwa 75 a rana. Ƙwai ɗaya na da wajen 6, giram 100 na kifi wajen 20. Kofin koko kuwa kusan duk ruwa ne. Ba mu raina koko ba, da shi aka san mu a duk ƙasar nan. Amma na mara lafiya a dama shi daban, a rage barkono da citta, a yi masa kauri, a ba shi da ƙwai a gefe, ko a kaɗa markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai laushi a ciki. A daka busasshen kifi ya zama gari, a tankaɗe ƙayar, a zuba a miyar kuɓewa ko ayoyo mai sulɓi, a ci da tuwo mai taushi. Wanda madara ke ɓata wa ciki ya gwada nono mai tsami da aka dafa da tsabta, sau da yawa ya fi zama. A ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida maimakon a cika ciki sau biyu. In zawo ya yi yawa a riƙa shan ruwan gishiri da sukari na fakiti.

Mutum ɗaya ne ke da hani na gaske, shi ne wanda likita ya ce hanjinsa ya ƙuntata. Shi kam ya guji gasasshiyar masara, da gyaɗa ƙwaya, da ɓawon wake, da zaren mangwaro da na lemo, don suna iya toshe wurin. Yara masu Crohn kuma wani lokaci likita kan sa su a kan wani abincin ruwa na musamman shi kaɗai, mako 6 zuwa 8, wanda ke kwantar da kumburin ba tare da firednisolon ba. Yana da tsada, kuma ba koko ba ne. Ga maganar azumi, addini ya yi wa mara lafiya rangwame, kuma malamanmu na da bayani game da alwalar mai lalura irin wannan. A tambaye su, a kuma tambayi likita tun kafin a ga wata.

Yaron namu an sa shi a kan magani, aka ƙara masa da na jini, aka mayar masa da kifinsa da ƙwansa. Kuɗin maganin ya fi ƙarfin kaskon waina, sai matan da mahaifiyarsa ke adashi da su suka yarda ta ɗauki kwasar farko. Ciwon ya sake tasowa sau ɗaya dab da jarrabawar fita, ya yi mako biyu a kwance, amma ya tashi ya rubuta. Mu kuma a makaranta abin da ke hannunmu kaɗan ne. Mun mayar da kujerarsa kusa da ƙofa, muka gaya wa sauran malamai cewa in ya miƙe kada kowa ya tambaye shi inda za shi.